Ranar da Mai Gurumi Ya Tofa wa Mikro Addu'a

Ranar Talata ce, cikin watan Shawwal, ƙarfe tara da rabi na safe. Mu huɗu ne a ƙaramin sitidiyon gidan rediyonmu na Gaya ta bakin iyaka: ni, da taubashiyata wadda ta zo daga Kotonu, da wani dattijo mai gurumi daga wajen Karakara, da ƙanensa mai kaɗa masa ƙwarya yana yi masa amshi.

Dattijon muke so mu ɗauka. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma ya riga ya sanar da kowa cewa da zarar ya dawo daga aikin Hajjin shekarar zai rataye gurumi, ba zai ƙara taɓa shi ba. Tafiyar saura 'yan makonni. Na yi shekara shida ina bin sa ya zo mu ɗauki waƙoƙinsa, yana ƙi. Dalilinsa ɗaya ne. Da can wani ya taɓa ɗaukar sa a kaset a wurin biki, ya kafa na'urar a bakin lasifika. Da aka kunna masa ya ji, sai ya ce muryar kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Ya ce idan haka mutane ke jin sa, gara a manta da shi. A wannan karon ma da ƙyar ya yarda, da sharaɗi biyu: rana ɗaya ce, kuma idan ya saurara bai gamsu ba, a goge a gabansa.

Na san mikro ɗinmu na gidan rediyo ba za su yi ba. Na magana ne, an yi su don karanta labarai da sanarwar suna da ta ɓatan awaki. Suna ƙara wa murya kaifi don ta ratsa ƙarar kasuwa. Muryar dattijon kuwa ta riga ta yi kaushi ta sama, daɗinta a ƙasa yake, can cikin ƙirji. Shi ya sa na yi wa taubashiyata waya.

Ɗiyar kawuna ce. Ni ɗan mace ne, don haka tun muna yara bawanta take ce mini, kuma har yau ba ta 'yanta ni ba. Makaranta ɗaya muka yi a Yamai ta koyon aikin rediyo. Ni na dawo Gaya na zauna gaban mikro, ita ta bi ɓangaren na'ura, ta ƙare a wani sitidiyon ɗaukar kiɗa a Kotonu. Da na bayyana mata irin muryar, ta ce tana da mikron da ya dace da ita.

"To aiko mini a mota," na ce.

"A mota? Kai bawan nan, lafiyarka? Inda ya je can nake. Ka share mini ɗaki."

Ranar Litinin da la'asar ta sauka a Malanbil, ta hau kabu-kabu ta ƙetaro gada, da wani dogon akwatin katako a tsaye a kan cinyarta, ta rungume shi da hannu biyu. Ta ce a duwan, wurin 'yan kwastan, an buɗe, jami'in ya juya shi ya tambaye ta ko tocila ce.

A gida ta nuna mini shi. Tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa tsintsiyar hannu, kaurinsa kamar rake mai kyau. Nata ne na kanta, ta daɗe tana burinsa kafin ta same shi. Ta ɗaga shi saitin taga ta ce in leƙa ta ragar. A ciki akwai ziri biyu na alminiyam, masu sana'ar na ce musu ruban, kowanne ya fi bawon albasa sirantaka, an yi masa ƙananan lanƙwasa an rataye shi tsakanin mayen ƙarfe biyu. Ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Na saman yana kallon hagu, na ƙasan yana kallon dama. Iskar da sauti ke turowa ita ke motsa su, kuma don ba su da nauyi, ba sa ƙara wa murya komai, ba sa rage mata. Kowane ziri yana jin abin da ke gabansa da abin da ke bayansa daidai wa daida, amma ta gefe kurma ne. Idan aka haɗa biyun, mai sauraro zai ji wanda ke hagu a kunnen hagu, wanda ke dama a kunnen dama, har da faɗin ɗakin. Wannan shi ne sitiriyo.

Ta ba ni doka uku. Kada a kwantar da shi. Kada fanka ta buga shi. Kada wani mahaluƙi ya hura shi.

Ta ukun ce ta tayar mini da hankali. A Gaya ba a miƙa wa mutum mikro ya fara magana bai hura ba. Ladan yana hurawa, mai kiran fasinja a tasha yana hurawa, mai gabatar da biki sai ya yi fu-fu sau biyu, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce alo-alo, sannan ya yi sallama. Na taɓa ganin babban baƙo ya hura mikron da ni da kaina na gama magana a cikinsa yanzun nan. Don haka na yi shiri. Na rubuta a takarda da Hausa da Faransanci na manna a ƙofar sitidiyo. Na gaya wa darakta, na gaya wa mai gadi. Da safen Talata, da baƙin suka iso, na ja ƙanen dattijon gefe na gaya masa.

Ya yi dariya. "Ni da nake dukan ƙwarya, me ya haɗa ni da hure-hure? Gaya wa mai bakin."

Ban gaya wa mai bakin ba. Na sha ganinsa a wurin wasa, bai taɓa yin alo-alo ba, yana raina masu yi. Kuma na ji nauyin in tari dattijo sa'an mahaifina, wanda na yi shekara shida ina roƙo, tun bai zauna ba in fara kafa masa doka.

Taubashiyata ta kafa mikron a tsaye a kan sandarsa, ta zare masa rigar yadin da ke rufe shi. Muka shimfiɗa tabarma biyu. Ta zaunar da dattijon ta hagu, ƙanensa ta dama, dukansu suna fuskantar mikron, yadda suka saba fuskantar jama'a.

"Baba," ta ce, "wanda ya ji wannan ɗaukar zai zama kamar yana zaune a bakin tabarmar nan, kai a wannan kunne, Baba ƙarami a wancan."

"To, ɗiyata, Allah ya sa. Amma ki rage masa nasa kunnen, ya cika hayaniya."

Ya zaro gurumin daga jakarsa, ya ɗora a cinya, ya yi karatu a hankali, ya tofa a fatar sau uku, ya shafa. Haka yake yi kullum kafin ya taɓa tsirkiya. Na gani sau da dama, kuma ranar ma ina kallo. Taubashiyata ta shiga ɗakin na'ura, bayan gilashi, ta sa kaske, abin saurare, a kunne. Ni na je kashe fanka, makunninta na bayan ƙofa.

Da na juyo, dattijon ya miƙe tsaye. Ya kewaye kan mikron da tafukansa biyu, bakinsa dab da ragar, leɓɓansa na motsi.

Taku uku ne tsakanina da shi. Na sha lissafa wannan lokacin daga baya, kuma bai gaza daƙiƙa huɗu ba. A aikinmu daƙiƙa huɗu lokaci ne mai yawa, ana iya faɗin sunan tasha da ƙarfe nawa a ciki. Bakina ya buɗe. Amma tun ina yaro ban taɓa katse babba yana tsakiyar addu'a ba, kuma ranar ma ban iya ba.

Ya tofa sau uku. Tofin mutumin da ya yi shekara hamsin yana cika fili da murya ko ba lasifika.

Ta cikin gilashi na ga taubashiyata ta fizge kaske daga kanta.

Dattijon ya koma ya zauna, ya gyara rigarsa, fuskarsa a sake. "Ya sha hanya," ya ce mini. "Na ce bari in yi masa yadda na yi wa nawa, tunda tare za su yi aiki."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Muryarta ta fito ta ƙaramar lasifikar da muke magana da ita tsakanin ɗakunan biyu, a daidaice. Ta roƙe su su ɗan taɓa kaɗan ta ji. Suka taɓa. Sai ta yafito ni da hannu. Na shiga na ja ƙofa, ta miƙo mini kasken ba ta dube ni ba. A kunnen dama komai garau. A kunnen hagu, inda dattijon ya kamata ya zauna, sautin ya yi can ƙasa, kuma duk lokacin da ya taɓa babbar tsirkiya sai a ji zizz, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Zirin sama ya miƙe, ya saki, yana gogar mayen ƙarfe. Ba abin da ake gyarawa a Gaya ba ne, ko a Kotonu.

"Ba ka gaya masa ba," ta ce.

"Ban gaya masa ba."

"Bawan banza."

Shekara arba'in tana faɗa mini wannan kalma, ranar ce kaɗai ta faɗa ba dariya.

Na ce zan fita in yi masa bayani, in ce laifina ne, mu kawo mikro ɗinmu na labarai mu gwada.

"Ka yi masa bayanin me? Ka ce addu'arsa ta lalata kayan mutane? Mutumin da ya riga ya sa ranar ajiye gurumi? Wallahi ko rufe baki ba za ka yi ba zai mayar da shi jaka, ya ce ishara ce. Ka tsaya nan."

Gaskiya ta faɗa. Na san shi, da kunya da tsoron Allah za su haɗu su kai shi tasha kafin ƙarfe goma. Na tsaya. Ta zauna ta dafe goshi da hannu ɗaya. Akwai agogon bango a ɗakin na'ura mai jan hannun daƙiƙa, shi na zuba wa ido don ban san inda zan duba ba. Ya zagaya sau ɗaya da 'yan kai. Na kuma san, don ta gaya mini a daren jiya, cewa mako mai zuwa akwai wata babbar ƙungiyar mawaƙa da ta yi wa alkawarin ɗauka a Kotonu da wannan mikron, don shi suka zaɓe ta.

Ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta shiga sitidiyo. Na bi ta. Ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, mun gode da addu'a. Allah ya saka da alheri."

"Amin, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

"Sai dai na saurara, na ga zaman nan bai yi ba. Yadda mikron yake yanzu, ya fi son ku fuskanci juna, shi yana tsakiya."

Na lura ba ta yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Ta miƙe ta ɗan murɗa mikron a kan sandarsa har zirin ƙasa, mai lafiyar, ya kalli dattijon sosai, ta sauke shi daidai tsayin ƙirjinsa. Ta ce in ja tabarmar ƙanen in kai ta bayan mikron. Tunda zirin yana jin gaba da baya, ziri ɗaya zai ɗauke su duka biyu. Abin da aka rasa shi ne hagu da dama.

Dattijon bai so ba. "Shekara arba'in yana zaune a gefena. Da gwiwa nake gaya masa inda za mu juya."

"Yau ka gaya mini da ido, Yaya," ƙanen ya ce, yana jan ƙwaryarsa. "Shekara arba'in ina kallon kunnenka. Bari in ga ko fuskar ta fi."

"Ba ta fi ba. Uwarmu ɗaya."

Ƙwarya ta fi gurumi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ziri ɗaya ba maɓallin da za a murɗa a rage wa ɗaya a bar ɗaya. Sai da ƙafa. Ta koma bayan gilashi, suna taɓawa tana cewa Baba ƙarami ya ja baya. Ya ja. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara.

"Ɗiyata, in kin gaji da ni ki faɗa, in koma Karakara in riƙa bugawa daga can."

"Taƙi ɗaya ya rage, Baba."

"Taƙin nan ne zai kai ni har garin Junju."

Ni ta zaunar da ni a gefen mikron, inda yake kurma, ta ce ko numfashi na yi ba zai shiga ba, amma gara kada in yi. Tagar sitidiyo ma ta wannan gefen ta faɗo. Tagar tana kallon hanyar da kamyo, manyan motocin kaya, ke yin layi suna jiran ƙetare iyaka, kuma duk da katifar soso da muka toshe ta da ita, gurnaninsu ya sha ɓata mana shiri. Ranar sau biyu kawai ya sa muka tsaya.

Muka fara ƙarfe goma da kwata. Ba fanka, ƙofa a rufe, ga zafin bazara. Kafin a gama waƙa ta biyu rigar dattijon ta manne a bayansa. A waƙa ta farko ya riƙa juyawa gefe yana neman ƙanensa inda ya saba ganinsa, muryar na fita daga saiti, sai da muka maimaita. Daga ta uku ya daina. Ya yi ta manoman gero, ya yi ta masunta, ya yi wata doguwa ta direbobin da ke kwana uku a bakin gada. Tsakanin waƙoƙi ina miƙa musu ruwa, tana ɗaga mini babban yatsa ko ta girgiza kai.

Wajen ƙarfe sha biyu da rabi na ce ko a tsaya haka. Dattijon bai ko dube ni ba. Yana kallon ƙanensa. Sai ya sassauta tsirkiya ɗaya, ya fara wani kiɗa a hankali wanda ban taɓa ji ba. Ƙanen ya ɗaga hannu zai buga, ya tsaya.

"Yaya, wannan ai ta Baba ce."

"Ka manta?"

"Ni?"

Daga baya suka gaya mana waƙar mahaifinsu ce, da ita ya koya musu sana'ar, yana zaunar da su suna kallon juna a ƙofar gida. Ba ta biki ba ce, ba wanda ake yabo a ciki, shi ya sa ba su taɓa yin ta a fili ba. Na duba gilashi, jar fitilar ɗauka na kunne. Minti tara ta ɗauka. A tsakiya ƙanen ya makara da amshi, dattijon ya yi 'yar dariya ta hanci bai tsaya ba.

Sai sauraro, wanda a kansa komai ya rataya. Muka shigo da su ɗakin na'ura, muka ba dattijon kujerar darakta. Ta kunna ta babbar lasifika. Ya sunkuyar da kai, hannayensa a kan gwiwa. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ma. Ni na riga na san muryar ta fito yadda take, da kaushinta da zurfinta, har ana jin ɗan yatsansa na gogar wuyan gurumi. Amma ba ni ke da hukunci ba. Ya ce a tsallaka zuwa ta ƙarshe. Da aka zo wurin makarar, ya ɗaga yatsa ya nuna ƙanensa.

"Kun ji shi? Tun yana da shekara goma a nan yake makara."

Taubashiyata ta ce za ta iya gyara wurin a na'ura.

"A'a. Bar shi, haka muke." Ya miƙe, ya nemi takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ku sa a rediyo."

Ya tafi alwala. Ƙanen ya tsaya yana ɗaure ƙwarya a zane, sai da muka rage mu biyu ya yi magana, bai ɗago ba.

"Na ga fuskarta lokacin da ya tofa. Wani abu ya lalace ko?"

Na ce e.

"Babba?"

Na ce e.

Ya ja ƙullin zanen ya ƙara tamke shi. "Kada ya ji. Ita kuma ka ce mata na gani."

Washegari da safe na raka ta bakin gada. Tun jiya nake shirya abin da zan ce, ni da nake rubuta sanarwar ta'aziyya cikin minti biyu, amma da muka tsaya abin da ya fito kawai shi ne na gode, kuma ki yafe mini. Na isar mata da saƙon ƙanen. Ta juya tana kallon kogi. Na tambaye ta yadda za ta yi da mawaƙan Kotonu. Ta ce za ta gaya musu gaskiya, ta haɗa musu wasu mikro biyu, in sun yarda to, in ba su yarda ba akwai wasu sitidiyo a garin.

"Ni ma da laifina," ta ce. "Na zare masa riga na juya baya. Kuma da ni ce a wurin, ban san ko zan iya katse shi ba." Sai ta miƙo mini jakar kayanta. "Riƙe. Za ka yi ta ɗaukar mini kaya har tsufanka."

Na kai hannu wajen akwatin katakon.

"Jaka na ce, bawa. Wannan ko inuwarka kada ta taɓa shi."

Mawaƙan Kotonu ba su yarda ba, suka tafi wani wuri. Ban ji wannan daga bakinta ba, kawuna ne ya gaya mini bayan wata biyu. Mikron ya yi wata huɗu a wurin mai gyara a ƙasar waje kafin ya dawo da sabon ziri. Dattijon ya yi Hajjinsa ya dawo lafiya, ya rataye gurumin kamar yadda ya ce, kuma har yau bai san abin da ya faru ba. Waƙoƙi takwas muka ɗauka ranar, duka da ziri ɗaya, ba hagu ba dama. Muna sa ɗaya kowace Talata kafin labaran rana.